Bawul Ɗin Malam Tijjani

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin taron iyaye da malamai ba, ko da na so in manta, domin 'yan ajinmu sun ɗauki nauyin tuna min har ranar da za mu bar makarantar. Har yau idan abin ya faɗo min a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, rabi kunya rabi haushi. (Haushin ya fi yawa, gara in faɗi gaskiya tun daga farko.)

Ni ba mai magana ba ce. Shekarata huɗu a makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a nan Wudil, amma akwai malaman da suka san rubutuna ba su san muryata ba. Layi na uku nake zama, jikin taga. In an yi tambaya na san amsa, sai in rubuta ta a gefen littafi in jira wata ta faɗa. Sai dai ina gani, kuma ina ji. Na san malamar Hausa tana canja zobe daga hannun dama zuwa na hagu idan ranta ya ɓaci. Na san ƙararrawar makaranta ta tsage ta gefe guda tun kafin kowa ya lura.

Babana bakanike ne, ana ce masa Oga Sale. Garejinsa yana ƙarƙashin wata darbejiya kafin a hau gada. In an tashi daga makaranta ni nake kai masa abinci, in zauna a kan tsohuwar taya in jira kwano. A nan na koyi abin da ya jawo min wannan abin kunyar.

Ga wanda bai sani ba: a saman injin mota akwai wasu 'yan ƙofofi na ƙarfe, wasu su buɗe mai da iska su shiga, wasu su buɗe hayaƙi ya fita. Su ake kira bawul. (Ku riƙe wannan kalmar, za ta dawo.) Abin da yake danna su su buɗe shi ne tafet. Tsakanin tafet da bawul dole a bar 'yar tazara, wadda kaurinta bai fi na takardar littafi biyu ko uku ba. In tazarar ta yi yawa, inji ya riƙa kas-kas-kas. In ta yi kaɗan, ƙarfe ya yi zafi ya miƙe, ƙofar ta kasa rufuwa, wuta ta riƙa lasar bakinta har ta ƙone. Baba yana auna tazarar da filageji, wata 'yar aba mai kama da wuƙar aljihu, mai siraran ƙarafa kamar reza, kowanne da kaurinsa. A aljihun gaba yake ajiye ta, a naɗe cikin tsumma, kuma ba ya ba da aronta.

Duk wannan da kunne da ido na koye shi. Ban taɓa buɗe baki na yi tambaya ba, ban kuma taɓa furta ɗaya daga cikin kalmomin nan ba. Da wa zan furta su? Ummata ba ruwanta da inji.

Malam Tijjani shi ne malaminmu na Fiziks. Yana da wata tsohuwar mota ruwan toka wadda ɗalibai suka sa wa suna Keken Ɗinki, saboda tun daga kwanar makaranta za ka ji ta tana kas-kas-kas kamar tela ana gobe Salla. Wata Juma'a da la'asar, ana ta cunkoson motocin shanu masu fitowa daga kasuwa, sai ga shi a garejin Baba. Ina kan tayata. Na ja hijabi na sunkuyar da kai.

"Oga Sale, ƙarar nan nake so ka kashe min," in ji shi. "Yara sun mayar da ni abin dariya."

Baba ya kasa kunne, ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya janye. "Tafet ne, Malam. Ka bar ta ta kwana, gobe da safe in ta huce sai in yi mata seti."

"Ta kwana? Aikin minti ashirin?"

"Aikin na minti ashirin ne, jiran ne na kwana guda. Ƙarfe in da zafi ba ya faɗin gaskiya."

Malam ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, amma ya bar makulli. Washegari ni na kawo wa Baba koko da ƙosai, don haka a gabana aka yi aikin. Ya cire murfin kan inji, ya juya injin da hannu har ya kai inda yake so. Ya sassauta noti da sifana, ya murɗa ɗan sukurun da sukurdireba, ya zura filageji yana ja yana turawa, idonsa a lumshe, har sai da ya ji tana wucewa da 'yar turjiya. Sannan ya riƙe sukurun kada ya motsa, ya ɗaure noti, ya sake aunawa. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, guda takwas. Da ya tayar da motar, kas-kas ɗin ya tafi, sai wani ɗan tis-tis da sai ka matso za ka ji.

Malam Tijjani ya matso, ya ji. "Ai har yanzu tana yi."

"Wannan ta lafiya ce," Baba ya ce. "Tafet ɗin da ya yi shiru gaba ɗaya shi ake tsoro."

Ranar Laraba motar ta shigo makaranta shiru kamar an shafa mata mai a baki. Tun daga taga na tuna maganar Baba a kan tafet ɗin da ya yi shiru. Malam ya shigo aji yana fara'a, ya zana titin jirgin ƙasa a allo, ya yi mana bayanin yadda ƙarfe yake miƙewa idan ya sha zafi, da dalilin da ya sa ake barin tazara tsakanin ƙarafan titin. Ya yi bayani mai kyau, ba zan hana shi wannan ba. Yana gamawa sai wata ta ce, "Malam, ina Keken Ɗinki? Yau ba mu ji ta ba."

Ya yi dariya. "Na samu wanda ya san aiki. Wani bakanike a hanyar Darki, inji na aiki ya bi tafet ɗin da kunne kawai, minti goma ya kashe ƙarar. Ba irin na bakin gada ba, masu cewa sai mota ta kwana kamar an kawo mai naƙuda." Sai ya juyo wajen taga. "Ke 'yar gidan Sale, ki gaya wa babanki zamani ya wuce reza."

Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa idona yana kan allo, a kan tazarar da ya zana da hannunsa, har da 'yar kibiya yana nuna ta. Mutum ya gama koyar da abu, allin bai ma bar yatsunsa ba, ya juya ya zagi wanda yake aiki da abin kullum. Na so in ɗaga hannu. Na so in ce, Malam, dubi bayanka. Abin da na yi shi ne na danna biro a littafi har ya huda shafi uku.

Ban gaya wa Baba ba, amma Wudil ba ta buƙatar ni kafin magana ta zagaya. 'Yan ajinmu suna da iyaye, iyayen suna da motoci. Kafin sati ya cika na ji wani direba yana tsokanar Baba daga kan titi: "Oga Sale mai kwantar da mota asibiti, akwai gado?" Baba ya yi murmushi ya ɗaga masa hannu. Sannan bas ɗin makarantarmu, wadda shugabar makaranta ta riga ta ce za a riƙa kawo masa, aka wuce da ita ta gaban garejin, aka haye gada, aka nufi wani wuri. Ina zaune na gani. Baba ma ya gani. Ya fito da filagejinsa ya goge ta, duk da ba abin da ya taɓa ta, ya mayar aljihu. Wannan gogewar ita ta fi ƙona min rai.

Daga ranar na buɗe shafi a bayan littafin Fiziks. Litinin: sai da ya murɗa makulli sau huɗu kafin ta tashi. Talata: tana tsaye tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Alhamis: salansa, wato bututun hayaƙi na baya, ta yi tau sau biyu a bakin ƙofa. Litinin ta gaba: ta kasa hawa ɗan tudun shiga makaranta sai da ya koma baya ya taho da gudu. Duk alamomin da na sha jin Baba yana lissafa wa masu mota, ga su suna zuwa a jere. Ina rubutawa ina jin daɗi. (Allah ya yafe min, har addu'a na yi wa motar nan, kuma ba ta alheri ba.)

Na kuma shirya jawabi. A cikin kaina na shirya shi, a hanyar makaranta, a wajen wanke-wanke, a layin famfo. Jawabi ne mai tsari, da gabatarwa da hujjoji da kammalawa, wanda a ƙarshensa Malam Tijjani zai sunkuyar da kai ya ce a kai shi wajen Oga Sale ya ba shi haƙuri. Na maimaita shi ya fi sau hamsin. Ko sau ɗaya ban faɗe shi da baki ba.

Ranar taron, aka jera mu layi biyu a bakin ƙofa cikin fararen hijabai don tarbar baƙi. Rana ta take sosai. Iyaye sun cika rumfa, Ummata tana cikinsu. Malam Tijjani aka aika ya ɗauko shugaban ƙungiyar iyaye daga Indabo, wani dattijo mai farin gemu da ake kira Alhaji Mamman, mutumin kirki, sai dai kunnensa ya ɗan yi nauyi. Motar ta sha tafiya ta yi zafi. Tana zuwa kan tudun nan, daidai tsakiyar ƙofa, ta yi tari, ta yi tau, ta mutu. Ya murɗa, ya murɗa, ya murɗa. Bas ɗin makaranta da motoci biyu suka tsaya a bayansa.

"Ku zo ku tura," in ji wata malama. Mu shida na gaban layi muka kama. Ni na faɗo daidai saitin salansa. Muna turawa ya sake gwadawa, motar ta yi wani tau ɗin ta feso min baƙin hayaƙi a hijabin da Umma ta goge da safe. Ba ta tashi ba.

Malam ya fito yana share gumi, Alhaji Mamman ma ya fito ta ɗaya gefen. Shugabar makaranta ta taso daga rumfa, iyaye maza suka kewaye motar kowa yana ba da shawara. Sai na ji Malam ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Wallahi tun da Salen nan na bakin gada ya taɓa min motar nan ban sake jin daɗinta ba."

Ban san lokacin da na zagayo gaban motar ba. Ƙawata Bilki ta ce ta kama min hijabi na fizge. Jawabina mai gabatarwa da hujjoji ya watse, abin da ya rage kawai ya fito, da wata murya da ni kaina ban san ina da ita ba.

"Malam, ka daina kiran sunan Babana. Ba shi ya ɓata maka komai ba. Bawalinka ne ya matse."

Wurin ya yi tsit. Ni kuwa, da yake ban saba magana a gaban mutane ba, sai na ɗauka haka nasara take. Na ƙara gyara tsayuwa.

"Sati uku ke nan ina lura da kai. Kullum da safe sai ka yi ta fama kana gumi. Duk makarantar nan mun ji ƙarar da take fita ta baya. Babana ya ce ka bar masa 'yar hanya, ka ƙi, ka tafi hanyar Darki aka ƙara matse maka shi. In ba ka yi hankali ba bawalin nan ƙonewa zai yi, kuma kai ka jawo."

Har da nuna shi da yatsa. Ni.

Alhaji Mamman, wanda duk maganar kalma biyu kawai ya kama, ya dafa kafaɗar Malam cikin tausayi. "Subhanallahi, Malam, ai da ka faɗa mun tsaya a hanya. Wannan ba abin riƙewa ba ne, yana taɓa ƙoda." Ya waiwaya. "Yara, ku ba shi buta, ku nuna masa makewayi."

Wata tsohuwa daga rumfa ta ce ita ta san mai sassaƙe a Kausani, sha biyu ake yi.

Daga nan ne dariyar ta fashe. Ta faro daga layin 'yan mata, ta shiga rumfa, ta kama har direban bas, wanda ya kifa kai a sitiyari har oda ta yi ƙara. Malam Tijjani ya tsaya baki buɗe, makulli a hannu. Na juya wajen Bilki.

"Me ya faru? Bawul na ce."

"Wallahi bawali kika ce," ta ce, hawaye na zubo mata. "Sau biyu."

Na hango Ummata ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Na tsaya a wurin da baƙin tabo a ƙirjin hijabi, yatsana har lokacin bai gama sauka ba. Shekara huɗu ina ajiyar murya, ranar da na fito da ita abin da na saya da ita ke nan.

A ofishin shugabar makaranta na yi sauran taron, a durƙushe. Aka kira Baba a waya. Ya zo a kan babur da jakar kayan aiki, ya saurari abin da ya faru, gefen bakinsa yana rawa yana dannewa. Abu na farko da ya yi shi ne ya sa ni na ba Malam haƙuri. Na bayar, ina kallon ƙasa, haƙorana a cije. (Ni aka fesa wa hayaƙi, ubana aka zaga sau biyu, kuma ni ce mai ba da haƙuri. Har yau wannan lissafin bai fita min ba.) Sannan Baba ya fita wajen motar, wadda aka ture ƙarƙashin bishiya, ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya janye.

"Sai ta huce, Malam. Gobe da safe."

Wannan karon ba wanda ya yi tsaki.

Ranar Lahadi da safe Baba ya ce in ɗauko jaka in biyo shi, wai hukuncina ke nan. Malam yana can makaranta wajen motar yana jira, shugabar makaranta ma ta leƙo. Baba ya buɗe murfin, ya juya inji, ya zaro mafi sirantar reza a filagejinsa, wadda iska ma tana lanƙwasa ta. Bai gwada da kansa ba. Abin da ban taɓa gani ba, ya miƙa wa Malam ita.

"Bismillah, zura ta nan."

Malam ya zura, ta ƙi. Ya gwada na gaba, ta ƙi. Ya bi har guda takwas, biyu kawai suka karɓa.

"Ba hanya ko kaɗan," Baba ya ce. "Allah ya taimake ka ba ka yi doguwar tafiya da ita ba. Da Kano ka je ka dawo, da sai an sauke kan injin."

Ya karɓi abarsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ido a lumshe. Murɗawa ɗaya motar ta tashi, tana ɗan tis-tis ɗinta. Na zuba wa Malam ido ina jiran kammalawar jawabina, wato wurin da zai sunkuyar da kai. Ya sosa ƙeya ya ce, "To, Oga Sale, Allah ya saka." Ya juyo wajena. "Ke kuma a riƙa koyon furuci." Shi ke nan haƙurin da aka ba gidanmu.

A hanyar komawa, ina bayan babur, Baba ya ce, "Mamana." (Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana.) "Ce bawul."

"Bawul."

"Sake."

"Bawul, Baba."

"To ashe kin iya." Kafaɗunsa suna girgiza har babur yana kaɗawa. Da ya nutsu sai ya ce, "Duk abin da kika faɗa a kan injin nan daidai ne, ko ni iyakar abin da zan faɗa ke nan. Abu guda kika manta, kuma shi ne na farko. Da zafi kika yi aikin."

Ranar Talata bas ɗin makaranta ta tsaya a ƙarƙashin darbejiya, kuma tun daga nan can ake kai ta. Sunan Baba ya dawo. Nawa ne ya tafi. Yanzu Likita ake ce min, har 'yan aji ɗaya da ban san su ba. Duk yarinyar da take son fita zagayawa sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, bawul ya matse ni," aji ya juyo ya kalli layi na uku jikin taga. A ajin Malam Tijjani ne kawai ba a faɗa, shi ma don ya yi rantsuwa a kan wadda ta fara.

Haushinsa bai bar ni ba, kada wani ya ɗauka na huce. Amma na yarda da maganar Baba a kan tafet ɗin da ya yi shiru gaba ɗaya. Shi ya sa yanzu nake ɗan yin tis-tis ɗina kullum: in ɗaga hannu sau ɗaya a rana, in amsa gaisuwa yadda za a ji, in ce wa Bilki ta matsa ta danne min littafi. Kuma duk kalmar da zan yi faɗa da ita, sai na jira na huce, na zagaya bayan gida na gwada ta da baki sau goma tukuna. (Bayan gidanmu nake nufi, wajen bishiyar mangwaro. Kun gani ko? Har yanzu setin bai gama zama ba.)